Kafin Tuwo Ya Nuna

Gidanmu yana bayan Ungogo, inda gonaki suka manne da juna har sai da gamba ake gane iyaka. Jiragen da za su sauka Kano ta kan dawarmu suke bi, ƙasa-ƙasa, har kana hango tayoyinsu.

Sana'ata rakiyar shanu ce daga Ɗambatta zuwa Legas, a saman tirela, kan katakon da ake girkawa bisa kawunan dabbobi. Daga baya na zauna a can. Ko matakalar jirgi ban taɓa takawa ba. Amma duk lokacin da Inna ta ce na yi nisa, sai in ce, "Wane nisa, Inna? Idan na hau jirgi, kafin tuwonki ya nuna na iso." Na faɗa ne don hankalinta ya kwanta, kuma, Allah Ya yafe mini, don kada ta matsa mini da zancen zuwa gida.

Wata damina ciwo ya kwantar da ita. Ƙanwata ta kira ni da hantsi. "Yaya, jikin Inna ya yi tsanani. Ta ce in ɗora tukunya, wai kafin ya nuna ka iso."

Jirgi ba na irina ba ne. Na sami motar da ta sauke shanu za ta koma arewa da jarkokin manja, na haye. Muka bar Ibadan, muka bar Ilori, muka tsallaka gadar Jabba. A Mokwa taya ta fashe, na zauna bakin titi ina kallon sama. A wurinmu ba a jiran kowa. Idan rai ya yi halinsa da safe, kafin azahar an kai mutum makwancinsa. Duk sanda wayata ta yi ƙara sai in zaci labarin rasuwarta ne.

Sai washegari da la'asar sakaliya na iso. Tun daga nesa ƙofar gida na fara dubawa. Babu tabarmi, babu taron maza.

Na durƙusa gefen gadonta. Ta laluba ta dafa ƙafata, ta ji ta kumbura suntum, sannan ta jawo rigata ta shinshina.

"Jirgin naku manja yake sha?"

"Inna, ban taɓa hawa jirgi ba."

"Na sani. Babanka ma wannan hanyar ya bi da goro. Na san kwana ake yi."

"To me ya sa kika ce a ɗora tukunya?"

"Don ka taso," ta ce. Ta juya ga ƙanwata. "Ɗumama masa."

Tuwon dawa ne da miyar kuka, ya kwana. Ina cikin ci wani jirgi ya wuce ta kan gidan. Inna ta ɗan ɗaga kai, ta ce, "Allah Ya sauke ku lafiya." Hannunta bai bar ƙafata ba.