Damin Shinkafar Da Na Yafe

Edita, Allah ya ƙara maka lafiya. A shekarun ƙarshe na mulkin Turawa ni amarya ce a cikin garin Haɗeja, ban daɗe da dawowa daga makarantar kwana ta 'yan mata a Kano ba. Mata kaɗan ne a unguwarmu ke karanta boko, kuma ba zan ɓoye ba, abin ya ɗan hau mini kai. Ga ni da raunin zuciya, ko akuyar maƙwabta na ga an ɗaure a rana sai na aika an mayar da ita inuwa. Mai gidana malamin asibiti ne na hukumar gargajiya, wato En'e. Mahaifiyata, Inna, ta dawo wurinmu da zama bayan ta fita takabar Babana.

Da aka raba gado, Baffa ƙanin Babana ya ɗauki gonakin tudu, ni da Inna aka ba mu gonar fadama da ke bakin kogi a ƙauyenmu. Ni na matsa wa mai gidana sai da ya sa magatakardan alƙali ya rubuta mana haka, aka buga hatimi. Na taɓa ganin filayen kantuna a Malam Madori, kusa da tashar jirgi, kowanne da turakun siminti, aka ce mini kowanne da takardarsa. Sai na ɗauka can duniya ta dosa, mai takarda ya gama magana. Na naɗe tawa a ƙyalle na sa a ƙasan adaka, hankalina kwance.

Gonar kuwa tana hannun wani aminin Babana tun Baba na da rai, aro ya ba shi. Kawu nake ce masa, ko da yake ba jini tsakaninmu. A wancan zamanin ba a rubuta aro. Abin da ake yi, duk kaka idan an yanke shinkafa, wanda aka ara wa zai ɗaure dami ɗaya ya kai wa mai gona. Ba kuɗin gona ba ne, dami ɗaya ina zai kai gida. A kansa zai ɗauko, da rana tsaka, ya bi ta ƙofar zauren Bulama, wato mai garin, ya gaishe da dattawa. Su tambaye shi ina zuwa, ya faɗi gidan da zai kai, alhali kowa ya sani. Ni a lokacin wulaƙanci na ɗauki abin. Tsoho mai furfura ya yi tafiyar nan da kaya a ka, don ya durƙusa wa yarinyar da aka haifa a gabansa.

Wata shekara ruwa ya cika da wuri, ya cinye shinkafar mutane da yawa. Ran nan da hantsi aka yi sallama a zaure. Inna ta tafi suna wata unguwa. Na leƙa ta bayan asabari, sai ga Kawu, tare da wasu maza biyu 'yan ƙauyenmu. Ya fara da tsokanar da ya saba, wai ina Malamar boko, a fito a karɓi haraji, talakanta ya iso, kada a sa dogarai su kama shi. Na yi dariya, amma da idona ya sauka kan damin sai dariyar ta tsaya. Ɗan siriri ne, yana warin laka. Ƙafafun Kawu duk faso, yana tari yana dafe ƙirji. Hawaye suka zubo mini. Na ce Kawu don Allah ya mayar wa iyalinsa, kuma daga yau kada ya sake wahalar da kansa, na yafe. Ya ce 'yar nan, kunnensa ya yi nauyi, in ɗan ɗaga murya. Na maimaita da ƙarfi. Ya tambaya bana kaɗai ko har gaba. Na ce har abada. Ya juya wurin mutanen nan ya ce to kun ji 'yar amininsa, ya ɗaga hannu ya yi ta sa mini albarka har na ji kunya na koma ciki.

Da Inna ta dawo na ba ta labari ina murna, ina jiran yabo. Ko mayafi ba ta cire ba ta zauna a kan turmi. Tambayar farko, shi da wa ya zo. Na faɗa. Ta ce shekara da shekaru mutumin nan shi kaɗai yake zuwa, yau me ya kawo 'yan rakiya. Ta ce kuma yaushe kunnensa ya yi nauyi, mutumin da yake jin motsin kifi a cikin ruwa. Ta ce gobe da sassafe in aika a ce masa maganar yarinta ce, ya kawo ko zangarniya ɗaya ce. Na ce haba Inna, da wane ido zan janye alherin da na yi, ai muna da takarda. Ta dube ni ta ce 'yar boko, takardar taki tana da ƙafar da za ta bi ta ƙofar Bulama duk kaka? Mai gidana ya shigo ya tarar da zancen, ya yi murmushi ya ce Inna ta kwantar da hankali, zamani ya sake. Inna ba ta musu da suruki. Ta tashi ta shige ɗaki.

Ba da daɗewa ba aka yi wa mai gidana canjin wurin aiki, muka bar Haɗeja shekaru masu dama. Muna can muka ji rasuwar Kawu, muka aika gaisuwa. Daga baya idon mai gidana ya raunana, ya ajiye aiki, muka dawo gida da 'ya'ya da Inna, ba abin dogaro sai gonar nan. Muka aika wa babban ɗan Kawu cewa idan ya kwashe amfanin bana muna son abinmu. Da kansa ya zo. Ya durƙusa har ƙasa, yana ce mini Yaya, murya a sanyaye, ya tambaya wace gona ake nufi, don shi wadda ya sani ta gadon ubansa ce.

Mai gidana ne ya wakilce mu gaban alƙali. Da ya dawo, tun daga yadda ya ajiye takalmi na gane. Ya ce alƙali ya duba takarda, ya yarda ta gaskiya ce, amma ya ce abin da ta faɗa kawai shi ne gonar tamu ce ranar rabon gado, ba ta san abin da aka yi bayan nan ba. Bulama ya ce ya daɗe bai ga dami ya wuce ƙofarsa ba, kuma shi dai Kawu ya sani a gonar, a wurinsa yake karɓar haraji. Mutanen nan biyu suka tashi suka ce da kunnensu suka ji na sallama, har sau biyu, da babbar murya. Aka bar wa ɗan Kawu gona. A waje magatakarda ya ja mai gidana gefe ya ce masa tun a dokar Turawa ƙasa duka a hannun hukuma take, manomi haƙƙin noma kaɗai gare shi, kuma takardun Malam Madori wani iri ne daban, na 'yan kasuwa, daga sama ake sa musu hannu. Tawa shaidar rabo ce kawai.

Daga nan zargi ya shige ni, ya hana ni sakat. Ina tankaɗe ina tunanin yadda aka yi ya zo daidai ranar da Inna ba ta nan. Wata mai tallan kifi daga ƙauyenmu ta ce mini a shekarar nan ruwa bai taɓa rabin gonar na sama ba, rumbun Kawu har baki. Wata kuma ta rantse cewa da idonta ta ga matansa suna tonon bado don yunwa. Na ji ɗaya daga shaidun nan yanzu yana noma wani gefe na gonar. Har Baffa na zarga, don ya ce ciwon gwiwa ya hana shi zuwa shaida, amma ranar an gan shi a kasuwa. Na zama duk wanda ya gaishe ni da fara'a sai na tsaya ina neman abin da yake so. Inna kuwa ba ta taɓa ce mini ai na faɗa miki ba. Sai dai har ta rasu ba ta sake cin tuwon shinkafa ba, wai yana kumbura mata ciki. Na san ba ciki ba ne.

Da abin ya ishe ni na nemi izini na je ƙauyen, wurin uwargidan Kawu, tsohuwa tukuf. Na roƙe ta don Allah ta gaya mini gaskiya, ba gona nake nema ba. Ta riƙe hannuna ta ce 'yata, ranar nan da kuka ya shigo gida, bai daina yi miki addu'a ba har ya bar duniya. Zuciyata ta fara sanyi. Sai ta ƙara da cewa, kuma a ciwon ajalinsa ya yi wa ɗansa wasiyya ya riƙe mutanen nan biyu da kyau, kada ya yarda su ɓata. Ta faɗa kai tsaye, kamar ba ta ga komai a ciki ba. Na dawo gida da abin da na je da shi.

'Yan uwana mata, ba ina hana ku tausayi ba ne. Amma idan kuka ga magabata sun dage kan wani ɗan abu da kuke gani wahalar banza ce, ku tambayi amfaninsa kafin ku soke shi. Takarda labarin rana ɗaya take bayarwa, mutane kuwa abin da suka saba gani shi suke shaida. Idan za ku yi alheri da abin da ba naku ku kaɗai ba, ku jira mai rabo a ciki ya dawo, ku faɗi iyakarsa, a gaban naku mutanen. Gona ta tafi, Allah ya ciyar da 'ya'yana ta wata hanya, na haƙura da ita tuntuni. Abin da ya rage mini shi ne, duk bayan salla ina yi wa mamatana addu'a, ina jero su ɗaya bayan ɗaya, idan na zo kan Kawu sai harshena ya tsaya. Ina sa shi a ciki, don ina tsoron in zalunci mamaci. Amma sai na tsaya tukuna.