Layin da Na Tsaya Ranar Zaɓen Yaya Idi

Bana shekara talatin da ɗaya ke nan da muka kai Yaya Idi makwancinsa. Duk shekara 'ya'yansa kan ce in rubuta wani abu a kansa a jarida, ni kuwa in ce karatuna na yaƙi da jahilci ne, shi ma wata biyu na yi malamin ya roƙe ni in huta shi ma ya huta. Bana na yarda, don akwai abin da ya daɗe yana ci na.

Yaya Idi wana ne, ciki ɗaya. Shi ya shugabanci ƙungiyar manoman yankinmu, kusa da Ƙarfi, a shekarun da auduga ke tashe, tarakta ta fara shiga ƙauyuka. Kafin shi, sai tarakta ta gama da gonakin manya sannan a tuna da mu, lokacin shuka ta wuce. Shi ya mayar da abin ƙuri'a a gaban kowa. Tsohon maharbi ne, ya ce da idonsa ya ga daji ya ƙare, don haka ya kafa doka: duk wanda ya sare ɗanyen itace mai 'ya'ya, ɗorawa ko kaɗanya ko tsamiya, an cire sunansa daga masu samun tarakta. Busasshe kam ba laifi. Manya suka ƙi jininsa, musamman Alhaji Mamman, wanda ya ce zai tsaya takara ya kayar da shi.

Ni kuma na sayi gona wajen wani Bamaguje. A wajenmu ana sayar da ƙasa a riƙe itace, to shi ya riƙe ɗorawa uku ya bar wa matarsa Tambai. Da ya mutu, da kalwarsu take daddawa tana ciyar da gida. Direban tarakta, wani Bayerabe haifaffen Funtua, ya ce saiwarsu za ta karya masa garma, ba zai shiga ba.

Sai na yi dabara irin tawa. Ranar kasuwa, tsakar rana, gari ba kowa, na tone gindin kowacce, na zagaye ɓawon da gatari can ƙasa, na mayar da ƙasa na tattake. Na koma ina jiran su bushe. Wayona bai kai ya gaya mini itace uku ba sa mutuwa tare ba.

Da bazara ɗorawar kowa ta yi fure, ta Tambai ta zubar da ganye. Ta kai ƙara wajen ƙungiya. Saura kwana takwas zaɓe Yaya ya zo gonar, mutanen Alhaji Mamman na biye don kallo. Ya durƙusa ya tone da sandarsa, ya daɗe bai ɗago ba.

"Sale, kai ne?"

"Yaya, gara ce."

"Garar nan da gatari take yawo."

Ba wanda ya yi dariya. Kowa ya san in ya ƙyale ni doka ta mutu, in ya hukunta ni dangi sun juya masa baya, kuma danginmu ne ƙarfinsa. Innarmu ta kira shi ɗaki ta ce kada ya tozarta ƙanensa a kan daddawa. Baffanninmu suka ce a bari sai bayan zaɓe. Ya saurare su duka, kansa a ƙasa.

Ranar taro da bakinsa ya kira sunana, da hannunsa ya soke shi. Ya ce ba zai hukunta 'ya'yan wasu ya tsallake ɗan uwarsa ba. Sannan ya ba Tambai ɗorawa uku daga rabonsa na gonar gado, a gaban shaidu.

Zaɓen na layi ne, kowa ya tsaya bayan wanda yake so. Na taso ina jin idon jama'a a ƙeyata, na wuce Yaya, na tsaya bayan Alhaji Mamman. 'Ya'yan baffanninmu suka biyo ni. Sau ɗaya ya waiwayo. Da aka ƙirga ya faɗi, kuma da mun tsaya inda ya kamata, da ya ci.

A daminar nan aka soke dokar. Na samu taraktata. Auduga ta yi kyau shekara uku, daga nan ƙasa ta gaji, ni ma na gaji.

Yanzu in na ga motocin gawayi sun ɗauki hanyar Funtua, nakan tambayi kaina me Yaya zai ce. Ina jin ba zai ce komai ba, tsakiyar titi zai tsaya da sandarsa, jama'a su ce tsoho ya zautu. Masu yabonsa kan ce itatuwa ya bari. Yawancinsu mun ƙone a murhu. Abin da ya rage shi ne har yau a yankinmu, in mai mulki ya kare nasa, sai ka ji tsofaffi sun ce Idi bai yi haka ba.

Ni kuwa har ya rasu kwano ɗaya muke ci, bai taɓa tayar da maganar layin nan ba. Na jira ya zage ni ko sau ɗaya in samu ƙofar neman gafara, bai ba ni ba, ni kuma girman kai ya hana ni buɗe ta da kaina. A gaban jama'a na yi laifin, shi ya sa na kawo shi jarida. Yaya, ban tsaya daidai ba. Allah Ya jiƙan ka.