Na Je Binciken Gidan Bariki

Talata, Gazawa zuwa Agiye

Ƙarfe biyar da kwata na fito, ko koko ban sha ba. Rabi ta rako ni bakin titi da ƙullin kayana, idonta a kumbure. Ɗiyar ƙanena ce marigayi, ni na goye ta. Wani tela mai suna Sanusi ke nemanta, ita ma shi take so. Sai wana Malam Isuhu ya ji cewa a ƙauyensu, can karkarar Gidan Sori, Gidan Bariki ake ce wa gidansu yaron. Ya ce ba zai karɓi goron 'yan bariki ba. Ranar Juma'a magabatan Sanusi za su zo. In bincike bai yi kyau ba, su koma da goronsu.

Ni aka tura, don an san ba na ƙara gishiri. Malam ya ja mini kunne sau uku: mai binciken aure ba ya shiga gidan, maƙwabta yake tambaya, a fakaice. Na ce na ji.

Motar Maradi ta zo shida saura, jika biyu. Aka cusa ni tsakanin wata mai kaji da wani mushe, wato malamin makaranta, mai gilashi. A bakin Agiye jandarma ya tsayar da mu, ya karɓi katin kowa. Yaro ne ƙarami, ko gemu babu.

Na ce, "Ɗana, ina kake kwana?"

Ya ce, "Bariki, Inna."

"Uwarka ta sani?"

Mota ta ɗauki dariya, shi ma ya yi. Ya miƙo mini katina ya ce mu wuce.

Agiye zuwa Maradi

Daga nan zancen ya zama na kowa. Direba ya ce bariki ai inda buro-buron gwamnati, wato ofisoshi, suke ne, nan ya je ya yi takardun motarsa. Wani daga baya ya ce ɗan bariki shi ne wanda idonsa ya buɗe, ba a cutarsa, sai dai shi ya cuce ka. Mai kaji ta matso kunnena ta ce, "Hajiya, matan bariki fa kin san su." Na ce na sani, kuma ban je Makka ba.

Mushe ya gyara gilashi. Ya ce kalmar ta Ingilishi ce, daga Najeriya ta hauro, kamar kakanninmu, kuma gidan soja take nufi. Su ma Ingilishi aro suka yi wajen Faransawa, tushenta 'yar bukkar da soja ke kafawa in sun yada zango.

Na ce, "To yaya bukka ta koma karuwa?"

Ya ce, "Wannan ba ya cikin littafi, Inna."

Na ce ashe littafin ma gajere ne.

A Cadawa muka tsaya minti ashirin. Na ci ƙosai na dala ashirin, mai ya yi masa yawa. Tara da rabi muka shiga tashar Maradi.

Maradi, Tibiri, sai yashi

Taksi zuwa Tibiri bai kai rabin awa ba. Daga nan kabu-kabu, jika ɗaya da rabi, bayan na taso shi daga biyu. Mai babur ya ce in riƙe shi da kyau. Na ce na riƙe jaki shekara talatin, ya tuƙa kawai. Sau biyu yashi ya kayar da mu. Kaka ce, amalanke sai wuce mu suke da damman hatsi, masu su suna yi mana sannu suna dariya. Azahar muka isa.

Na bi umarnin Malam. A rijiya na ce wai ni mai sayen wake ce. Na tambayi mata Gidan Bariki, suka nuna mini da haɓa. Wata Bafulatana mai nono ta ce, "Mutanen kirki. Ba su korar nagge daga kara." Mai tebur ya ce ba a taɓa jin su gaban mai gari ba. Da na ce me ya sa sunan, kowa ya sami abin yi. Ɗaya ta tuna tukunya a wuta. Ɗaya ya ce haka suka taso suka ji.

La'asar ta yi, ƙafata ta gaji da fakaice. Na yi sallama na shiga gidan.

Gidan Bariki

Gida ne mai rumbu biyar, a share. Wata tsohuwa tana ɓarar gyaɗa a inuwa. Inna Dije ce, kakar Sanusi. Ta sa aka dama mini fura, na sha rabi.

Na ce, "Ba wake na zo saye ba. Ni gwaggon Rabi ce."

Ta ce, "Na sani. Mai sayen wake ba ta zuwa ba buhu. Mi kika son ji?"

"Me ya sa ake ce muku Gidan Bariki?"

"Ni ce Barikin."

Ta ba ni labari, hannunta bai bar gyaɗar ba. Shekarar wata yunwa mijinta ya rasu, ya bar ta da ɗiya huɗu da rumbu wofi. Ta ajiye su wajen uwarta, ta taka zuwa Maradi. Shekara biyu tana tuwon sayarwa a bakin gidan soja, tana aiko da hatsi tiya-tiya. Da ta dawo, da hatsi kan raƙumi ta dawo. Rabin garin sun ci. Da damina ta yi kyau suka ƙoshi, sai suka sa mata suna.

Na ce, "Tuwo kaɗai kika sayar?"

Matan gidan suka tsaya da daka. Tsohuwa ko gezau.

Ta ce, "Ɗiya huɗu na bari, huɗu na iske da rai. Tambayi wata."

Sai ta kamo hannuna ta juya, ta duba kantar da ke tafina. "Ke hwa, ina kika yi taki barikin?"

"Jibiya. Daka da wankau."

"Nawa kika iske?"

"Uku na bari. Biyu na iske."

Ta turo mini ƙwaryar ta ce in shanye. A ɗakinta na kwana. Tana minshari kamar injin niƙa.

Laraba, komawa

Bakwai na safe suka ɗora ni a amalanken gidan har bakin titi, da tiyar wake biyu. Inna Dije ta ce tunda shi na zo nema, kada in koma hannu wofi. Maradi sha ɗaya. Jandarman Agiye ya gane ni, ya ce, "Inna, na gaya wa uwata." Na ce Allah ya yi masa albarka. Biyar na yamma na sauka Gazawa.

Malam Isuhu yana zaure da tasbi. Rabi ta laɓe bayan danga, ina ganin ƙafarta.

Ya ce, "To?"

Na faɗa masa duka, har tambayar da na yi da amsar da aka ba ni. Ban rage ba.

Ya ce, "Kin shiga gidan ke nan. Kuma tsohuwar ba ta musanta ba."

Na ce, "Yaya, shekarar da na dawo daga Jibiya, tiyar hatsi nawa aka kai gidanka?"

Ban jira amsarsa ba, na ƙara.

"Ka tambaye ni abin da na sayar?"

Ya ja tasbi har ya zagayo. Sannan ya ɗaga murya ya ce wa ta bayan danga a wanke manyan tabarmi kafin Juma'a. Ƙafar ta ɓace da gudu.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya maido ni. Na gode wa mushe, ko da littafinsa bai kai ƙarshe ba. Mai babur kuwa na yafe masa. Waken Inna Dije shi za a dafa wa baƙi ranar Juma'a.