Takardar da Na Cire daga Mujalla

A shekarun da kuɗin man fetur suka sa kowa yake jin kansa, ni ina likita a ƙaramin asibitin Jibiya, ina fama da annobar ƙyanda a tsakanin yara. Yaran Magama da Riko, har da na ƙetaren iyaka, duk wurinmu ake kawo su. Da mace-macen suka ishe ni, sai na rubuta wa wata mujallar likitoci na ce su ware fitowa guda a kan cututtukan yaran bakin iyaka. Suka amince, suka ce ni zan tattara takardun in tace. Kaina ya kumbura, ba zan ɓoye ba.

Cikin waɗanda na roƙa su yi rubutu har da wani dattijo, malamin asibitinmu, wanda ya fara yin allura tun ina goye. Wata biyu yana rubutu a littafin 'yan makaranta. Maganarsa ɗaya ce: ƙidayar da muke yi ta yaran da suka rasu ba daidai ba ce. Mace a nan ba ta ƙirga ɗan fari a gaban baƙo saboda kunya, wanda ya rasu kuwa ba ta son tayar da zancensa. Shi ta wurin kakanni yake samo gaskiya.

Manyan mujallar suka dawo da takardarsa da jan biro, wai wannan hira ce ba bincike ba, mai ita kuma ba likita ba ne. Ina da ikon in tsaya kai da fata. Amma na ji tsoron kada su fasa fitowar gaba ɗaya, ga sunana zai hau bangon mujallar. Na cire ta.

Ranar da mujallar ta iso a motar Katsina, dattijon ya sa tabarau ya bi ta shafi-shafi da yatsa har ƙarshe, sannan ya rufe.

"Likita, tawa ba ta samu wuri ba ke nan?"

"Baba, sai fitowa ta gaba."

"To, Allah shi kai mu. Amma ɗiyan nan da uwayensu ba su ƙirga ba, ku ma kun baro su waje."

Babu wata fitowa ta gaba, kuma na san haka lokacin da nake faɗa masa. Ya rasu da daminar da ta biyo baya, bai sake tambayata ba ko sau ɗaya. Har yau abin yana ci mini rai.