Allon Kwamfutar Kawu

Shekara biyu na yi ina buga takardu a shagon kwamfutar Kawu, ƙanen mahaifiyata, a nan Kontagora, kuma har gobe in na tuna allon nan sai raina ya ɓaci. Tsohon allo ne na gwanjo. A ido lafiyarsa ƙalau, amma kafin azahar idanuna sun kaɗa sun yi jawur, kaina kamar ana daka gero a ciki.

Na faɗa wa Kawu, ya ce haske ne ya yi yawa, ai kowa ya san haske ke cin ido. Ya miƙa hannu ya rage. Ciwo ya ƙaru. Na sake kai kuka, ya sake ragewa, har ta kai sai na kusa manna hancina a allo kafin in ga abin da nake buga wa manoman da ke zuwa daga Zugurma da Sahon Rami. Inna ta sa min tozali, ta karɓo rubutu na sha. A asibiti aka auna idon aka ce ba abin da ya same shi. Shi ke nan Kawu ya samu abin faɗi, wai son jiki ne. Ni da nake buɗe shago tun bai karya kumallo ba!

Ranar da layuka suka haɗe min na ɓata sunaye a takardar wata ƙungiyar manoma, a gaban mutane Kawu ya sallame ni. Ya je ya ce wa Inna 'yarta ba ta ciwo sai ta ga aiki. Inna ta yarda da ƙanenta, ta yi kwana uku ba ta amsa gaisuwata. Wannan ya fi korar ci min rai.

Sai ya ɗora 'yarsa a kujerar. Kwana biyu kacal ta ce kanta na sarawa, nan da nan aka kira mai gyara. Na je ɗaukar sallayata da na manta, na tarar da mai gyaran ya saita kyamarar wayarsa a kan allon, ga baƙaƙen layuka suna gangarowa a cikin wayar ba tsayawa. Ya ce irin wannan allo, in an rage masa haske, kashe fitilarsa yake yana kunnawa da saurin da ido ba ya kamawa, amma kai yana ji. Iya ragewa, iya tsananin ƙiftawar. Na zamani, in ji shi, da yawa an magance musu wannan.

Ashe maganin da Kawu ke ba ni shi ne cutar. Na tsaya ina jiran kalma ɗaya, wallahi ko sannu ce da na haƙura. Kawu ya dube ni ya ce, "Ke ma ai ba ki yi bayani yadda za a gane ba."

Sannan ya juya ya tambayi mai gyara ko za a samu sabon allo kafin la'asar, kada idon yarinya ya lalace.