Faifan Mista Dung Mai Fuska Biyu

Har yau ban manta da ranar da na kusa korar garmaho daga kantin abincin masaƙarmu ta Kakuri ba. A wurin akwai ni, shugabar kicin, da Ladi mai wanke-wanke, da Malam Sabo hedman sashen rini, da Terna direba, mutumin Binuwai, sai mai garmahon, Mista Dung makanike, ɗan Filato.

Ku yaran yanzu ba ku san tsarin ba. Idan aka busa jiniyar hutun rana, ma'aikata kan yi layi, kowa ya karɓi farantinsa na tangaran, ya ci, ya mayar wa Ladi. Duk abin da ke cikin ɗakin nan a hannuna yake. Da Dung ya roƙi ya riƙa sa faifai lokacin cin abinci, sharaɗi ɗaya na gindaya masa: kiɗan kaboyi kawai, mai sanyin nan da Bature ke jan murya kamar saniyarsa ta ɓata. Ranar da na ji kiɗan rawa, garmaho ya koma gida.

Ran nan ina kwashe tuwo sai na ji jita ta ɓarke da gudu. Cokula suka fara dukan tebur. Terna ya miƙe da faranti a hannu yana karkaɗa gwiwa, farantin ya suɓuce ya fashe, miyar kuka har kan takalmin Malam Sabo.

Na fito da muciya a hannuna. Na ce wa Dung ya naɗe kayansa, tunda ya shigo mini da baƙon faifai. Ya rantse faifan nan ne dai na kullum, Terna ne ya kifa shi. Ban yarda ba sai da ya juya shi a gabana, sai ga muryar mai saniya ta dawo. Ya sake juyawa, mutumin nan dai, jitar nan dai, amma kamar kare ya biyo shi.

Dung ya ce wannan shi ake kira rokanrol. Wai a Amurka samarin ƙauye masu kiɗan kaboyi ne suka saurari kiɗan baƙaƙen fata maƙwabtansu, suka haɗa biyun suka ƙara wuta. Shi ya sa a farko faifai ɗaya kan ɗauko duka.

"Mama, ɗa ne da ubansa," in ji shi. "Kin karɓi uban, kar ki kori ɗan."

"Ɗan bai gaji natsuwar uban ba," na ce.

Malam Sabo yana goge takalmi ya ce ai ƙila wajen uwa ya ɗauko. Har Ladi sai da ta yi dariya. Ni ban yi ba. Na ce su tafi aiki, hukunci sai gobe. Amma na lura da abu guda: waɗanda kullum ke jan ƙafa bayan tuwo, ranar kafin jiniyar komawa aiki ta gama kuka sun fice. Mai ciyar da ma'aikata dole ta san ba ciki kaɗai ke tashin mutum ba.

Washegari da sassafe na kwashe farantan tangaran duka na kulle a sito, na fito da kwanukan silba waɗanda ko sun faɗi ba sa fashewa. Da Dung ya leƙo yana raɓe-raɓe, na nuna masa garmahon da muciya.

"Uban lokacin ci. Ɗan kuma sai an mayar wa Ladi kwanonta."