Rigzin Tundup da Ɗakin Dutsen da Ke Tsakani

Kafin rana ta leƙo bayan tsauni, Rigzin Tundup ya sha shayinsa mai gishiri da man shanu, ya ɗaura wa dawakinsa kaya. Haka muka san shi tun gashinsa yana baƙi: shi ke hawar wa sojojinmu da gari da kananzir zuwa sansaninsu na kan tudu. A saman kayan kuma akwai wani ƙaramin buhu nasa na kansa, mai garin sha'ir da ashana da busasshen kashin shanu. Wannan na ɗakin dutsen makiyaya ne da ke mashigar tsauni, tsakanin sojojinmu da na ƙetare, wurin da kowane ɓangare ke rantsuwa ƙasarsa ce.

Tun kakanninmu ba a barin ɗakin nan babu abinci da abin hura wuta, saboda wanda ƙanƙara ta rutsa da shi. Da sojoji suka cika tsaunin, makiyaya suka janye. Rigzin kaɗai bai daina ba.

Shekarar da aka gwabza a bakin kogi, wani sojan ƙetare ya ɓace wa 'yan sintirinsu. Ya faɗa ɗakin, ya ci garin, ya rayu. Labari ya kai kunnen Kyaftin Negi, shugaban sansaninmu, ya tsare Rigzin a gaban masu sauke kaya.

"Tsoho, ashe kai ke ciyar da su?"

"Ɗakin nake ciyarwa, ranka ya daɗe. Ban taɓa tambayarsa su wa ya saukar ba."

"Ɗanka Jigmet yana cikin yarana. Wanda ka ƙosar ɗin nan, gobe shi zai auna shi da bindiga."

Rigzin ya daɗe yana shafa wuyan dokinsa. "Na sani. Amma Jigmet ɗin ma ta can yake sintiri, kuma ƙanƙara ba ta duba kaki."

"Zaɓi ɗaya: ɗakin ko aikinka."

Ya zaɓi ɗakin. Da ya isa gida matarsa Yangdol ta ce, "Sannu da zuwa, uban ƙasashe biyu! Wacce daga cikinsu za ta ba mu abincin dare?" Washegari ita ce ta cika masa buhun.

Na daɗe ina juya wannan magana. Kyaftin ba mugu ba ne. Da hannunsa ya ɗauko gawawwakin yaransa daga kogin nan, kuma bai tare wa Rigzin hanya ba, aikin kawai ya karɓe. Har yau ban iya cewa ya yi kuskure ba. Abin da na sani shi ne, kai Rigzin, kai ne ka sayar da dawakinka ka ci gaba da hawa da ƙafa, buhu a baya, ba tare da ka san bakin da zai ci ba.

Bana gwiwoyinka sun ƙi. A hawanka na ƙarshe ka tarar da ledar taliya mai rubutun ƙetare a cikin ɗakin, kusa da ita ga gwangwanin madarar sojojinmu. Babu ɓangaren da ya amsa cewa shi ya ajiye.

Mun gode, Baba Rigzin. Ku kuma masu ƙafa, buhun yana rataye a ƙofar gidansa, kuma sanyi ya kusa.